Yadda ɗan kasuwa zai mayar da iyalinsa Ghana alhali harkarsa tana Najeriya

Zirga-zirgar Hausawa tsakanin Kano da ƙasar Ghana ta girmi iyakokin da ake buga wa fasfo hatimi a kansu yau. Tun zamanin da fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja, su sauka a Salaga su sayo goro, ake samun waɗanda suka tafi da niyyar dawowa amma suka ƙare da aure da gida a can, kuma zuriyarsu da ta waɗanda suka biyo bayansu ce ta raya zangunan Kumasi da Akra. Ɗan kasuwar yau ya bambanta da su ta fuska ɗaya. Yana so ya zaunar da iyalinsa a Akra ko Kumasi alhali shagonsa na Kantin Kwari ko Singa yana nan a buɗe, masu ba shi kaya suna Legas, wataƙila kuma yakan leƙa Dubai ko Sin lokaci zuwa lokaci. Irin wannan mutum ake yi wa wannan bayani, kuma ma'aunin da za a riƙe tun daga farko shi ne cewa ƙaura tana kammala ne ranar da maigida zai yi mako uku ba ya gari, gidan kuma ya ci gaba da tafiya ba tare da an rasa abinci, ko magani, ko wanda za a kira ba.

Ka fara da takardunka kai kaɗai, tun kafin ka furta wa yara maganar tafiya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Mutane da yawa sun ɗauka wannan dama ce ta zama har abada, alhali izinin baƙunta ne kawai. Wanda zai zarce haka yana buƙatar takardar izinin zama daga Hukumar Shige da Fice ta Ghana, da kuma katin shaida na Ghana Card irin na baƙi, wanda in babu shi buɗe asusun banki da rajistar layin waya sukan gagara. Akwai dabarar da wasu ke yi, idan wa'adinsu ya kusa cika su tsallaka Lome su dawo da sabon hatimi. Gwauron ɗan kasuwa yana iya daɗewa a kan wannan hanya, amma mai mata da yara huɗu a makaranta bai kamata ya gina zamansa a kanta ba. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su bar Ghana, Hausawa da Yarbawa da yawa suka rasa gidaje da shaguna, a 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Najeriya, galibinsu 'yan Ghana. A duka biyun, rashin takarda shi ne hujjar da aka kafa.

Bayan izinin zama sai dokar kasuwanci, kuma a nan ne 'yan Najeriya suka fi shan wuya. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013, wadda aka ɗora wa hukumar bunƙasa zuba jari ta GIPC aiki da ita, ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa da talla da ƙananan saye da sayarwa. Baƙon da yake son ya kafa kamfanin shigo da kaya yana sayarwa, dokar ta ɗora masa jarin da bai gaza dala miliyan ɗaya ba, tare da ɗaukar ƙwararrun 'yan Ghana aƙalla 20 aiki. Ga sauran harkokin da ba na saye da sayarwa ba, dala 500,000 ce idan kamfanin na baƙo ne gaba ɗaya, dala 200,000 kuma idan haɗin gwiwa ne da ɗan ƙasa, sannan an ɗauke wannan sharaɗi ga mai masana'anta da wanda harkarsa fitar da kaya waje ce kawai. Da wannan doka ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana ta GUTA ta kafa hujja lokacin da aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. An daɗe ana maganar yi wa dokar gyara, saboda haka ka je ofishin hukumar da kanka, ko ka ɗauki lauya na can, ka ji abin da ake aiki da shi a ranar da za ka yi rajista. Mafitar da aka fi bi ita ce buɗe shago da sunan wani ɗan ƙasa, aboki ko suruki. Ban ga hikima a cikinta ba ga mai iyali, domin a takarda shagon na wancan mutumin ne, ranar da ya rasu kuma magadansa ne za su zo, kai kuwa ba ka da abin nunawa a kotu. Idan jarinka bai kai ba, ya fi maka sauƙi ka tsara harkar ta yadda kai ne mai kawo kaya a sari ga 'yan kasuwar ƙasar, ko mai sayen kayan Ghana yana fitarwa, bayan lauya ya tabbatar maka tsarin bai saɓa doka ba.

Takardun iyali sukan ci lokaci fiye da yadda ake zato. Kowane mutum yana buƙatar fasfo nasa na kansa, har jariri, kuma ba a yin fasfon Najeriya sai da lambar NIN. Yara suna buƙatar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ta bambanta da katin da asibiti ke bayarwa. A duba rubutun sunaye da kyau, domin idan an rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko aka sa sunan kaka a nan aka sa na uba a can, gyaran yana iya cin watanni. Yawancin aurenmu an ɗaura shi ne a gaban shaidu ba tare da an rubuta komai ba, amma hukumar da za ta ba matarka izinin zama a ƙarƙashin naka takarda take son gani, don haka a nemi shaidar aure daga kotun shari'a ko wata hukuma da aka amince da ita tun ana gida. Sai katin rigakafin ciwon shawara, wanda ake tambaya a bakin iyaka da filin jirgi. Ana yi wa yaro allurar daga wata tara, katin yana fara aiki kwana goma bayan an yi ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A yi allurar da gaske, kada a sayi katin a tasha.

Akwai wani abu da ya shafi gidajenmu musamman, wato ɗan riƙo. Da wuya ka sami gidan Bahaushe mai rufin asiri babu ɗan wa ko 'yar ƙanwa a ciki, kuma a wurinmu ba a bambanta su da 'ya'yan cikin gida. Jami'in bakin iyaka kuwa, da zarar ya ga yarinyar da sunan mahaifinta ya saɓa da naka, safarar yara ce za ta fara zo masa a rai. Idan za a tafi da ɗan riƙo, a sami yardar iyayensa a rubuce da rantsuwar kotu, tare da kwafin katin shaidarsu. Haka ma idan uwa za ta yi tafiya da yara ba tare da kai ba, ka ba ta wasiƙar amincewa mai sa hannunka.

Tun kafin a kai ga wannan duka ya kamata a ce ka zauna da uwargida kun yi shawara ta gaskiya, wadda ta wuce sanarwa. Kai za ka riƙa shiga jirgi kana ganin 'yan'uwa kowane wata, ita ce za ta bar mahaifiyarta da ƙawayenta da bikin dangi ta zauna a garin da ba ta san kowa ba. Ka gaya mata kwana nawa kake sa ran yi a waje cikin wata, ka faɗi adadin da ya fi yawa, kada ka rage don ta yarda. Wanda yake da mata fiye da ɗaya lamarinsa ya fi nauyi. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, amma ƙaura ta zama ta wuce tafiya, don haka a nemi malami ya yi bayanin yadda rabon kwana da ciyarwa za su kasance idan ɗaya tana Kano ɗaya tana Kumasi, a kuma yi maganar a fili kowa ta ji.

Neman gida aikinka ne kai kaɗai, kafin iyali su taso. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba, amma a aikace kuɗin shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule, saboda haka ka ware wannan kuɗi daban, kada ka cire shi daga jari ana tsakiyar ciniki. A rubuta yarjejeniya, a karɓi rasit, a tabbatar wanda ya karɓi kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya. Wajen zaɓen unguwa, matafiyi yakan so kusa da filin jirgi ko tasha, alhali shi ne wanda zai fi kowa ƙarancin kwana a gidan. A zaɓa wa waɗanda za su zauna. Nima da Maamobi da Sabon Zango da Madina a Akra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, wurare ne da mace za ta fita ta yi cefane da Hausa, ta ji kiran salla, ta sami makarantar Islamiyya a kusa. Suna da cunkoso, wasu sassan kuma suna fama da matsalar magudanar ruwa, don haka wanda yake da hali yakan zauna a gefensu inda zai sami sarari ba tare da ya yi nisa da jama'a ba. Akra gari ne mai ambaliya, wadda ta fi muni a kusa ita ce ta 3 ga Yunin 2015, kuma ruwan kudancin Ghana ya fi ƙarfi a watannin Mayu da Yuni. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa yake kaiwa, ka dubi jikin katanga, alamar tana nan. Da zarar ka kama gida, ka sa mai masaukinka ya kai ka ka gaida limamin unguwa da sarkin zango ko wakilinsa, domin ranar da wani abu zai taso kana Legas, waɗannan ne za su tsaya.

Lokacin tashi kuwa makarantar yara ce take yanke shi, kasuwa ta bi baya. A tashi a dogon hutu, yara su fara sabuwar shekarar karatu tare da kowa. Tsarin karatun ƙasashen biyu ya yi kama, shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, kuma hukumar WAEC ɗaya ce take shirya jarrabawar kammala sakandare a duka biyun. Duk da haka manhajar ta bambanta, kuma yaron Ghana yana koyon ɗaya daga harsunan ƙasar a aji, kamar Twi ko Ga, Hausa kuwa ba ta cikin waɗanda gwamnati ta ware don wannan darasi duk da yawan masu jin ta. Ƙaramin yaro zai kama cikin 'yan watanni. Wanda yake ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ko babba, gara a bar shi wurin kawu ko gwaggo ya gama jarrabawarsa. A karɓo sakamakon yara na shekarun baya da takardar canjin makaranta kafin a taso. Ma'aikatar ilimi ta Ghana tana da sashen makarantun Musulunci, inda ake haɗa boko da Arabiyya, kuma ya cancanci a fara dubawa a nan.

Kaya su bi mota, iyali su bi jirgi idan da hali. Daga Legas zuwa Akra kusan awa ɗaya ce a sama, ta ƙasa kuwa sai an ƙetare iyaka uku, ta Seme, da wadda ke tsakanin Benin da Togo, da ta Aflao, kowace da layinta da tambayoyinta. Hanyar arewa ta Nijar da Burkina Faso, wadda ta fi kusa da ta fataken da, tana fama da matsalar tsaro, kuma ƙasashen biyu tare da Mali sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, don haka mai fasfon Nijar ya tambayi ofishin jakadancin Ghana matsayinsa kafin ya ɗaura kaya. Kayan katako masu nauyi sau da yawa kuɗin ɗaukarsu ya fi darajarsu, amma ka tuna kayan ɗaki na matar ne, iyayenta suka yi mata, ba ka da ikon sayar da su sai da yardarta. Wanda zai tafi da motarsa yana buƙatar inshorar ECOWAS ta ƙetare iyaka da takardar kwastan, kuma izinin shiga da mota na ɗan lokaci yana da wa'adi.

Idan iyali sun sauka, ka soke duk wata tafiya ta aƙalla mako shida, ko da za a yi asarar wani ciniki. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. A cikin waɗannan makonni ne za ka yi wa uwargida rajistar layin waya da asusun kuɗi na waya da sunanta, domin a Ghana kusan komai da shi ake biya, daga kuɗin wuta zuwa cefane. Ku je asibitin da ya fi kusa tare, a buɗe wa kowa kati, a yi rajistar inshorar lafiya. Ku je makaranta tare, a rubuta lambarta a matsayin wadda za a fara kira. Ta san inda ake sayen iskar gas, da wanda ake kira idan famfo ya lalace, da direba ɗaya amintacce da zai zo ko da tsakar dare. Ka haɗa ta da matar mai masaukinka da matar limami, su shigar da ita cikin mata, domin mace ɗaya da za ta leƙo ta ce yaya kwanan yara ta fi kiran waya goma daga Dubai. Gidan da matar ba ta saba fita ba, sai a yi magana a fili kan abin da aka yarda ta fita dominsa idan ba ka nan, kada ta zauna da yaro mai zazzaɓi tana jiran izini alhali wayarka tana kashe a cikin jirgi.

Kuɗin gida da na kasuwa kada su kwana a asusu ɗaya. Naira da sidi, kuɗin Ghana, duka suna hawa da sauka, kuma wanda yake samu da naira yana kashewa da sidi canji yana iya cinye masa rabin cefane bai ankara ba. A ajiye kuɗin wata uku na gida da sidi, a wurin da uwargida za ta iya cira ba sai ta neme ka ba. Dalilin wata uku shi ne hanya tana iya toshewa ba da laifinka ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020, kayan mutane suka maƙale a Seme, waɗanda suke ciyar da gida daga ribar kowace mota suka shiga wani hali. Idan za ka ɗauki tsabar kuɗi da suka haura dala 10,000, ƙasashen biyu suna buƙatar ka bayyana wa kwastan. Ka riƙa amfani da layinka na Najeriya, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba ana iya ba wani, alhali saƙonnin bankinka da lambar BVN a kansa suke. Sannan ka riƙa lissafin kwanakinka, domin wanda ya yi kwana 183 a Ghana cikin wata 12 dokar harajin ƙasar tana ɗaukarsa mazauni, kuma hatiman fasfo su ne shaida. Wannan aikin akanta ne da ya san dokokin ƙasashen biyu.

Tafiye-tafiyen kansu a tsara su a dunƙule. Tafiya ɗaya ta kwana goma da ta haɗa Legas da Kano ta fi uku na kwana huɗu-huɗu sauƙi ga aljihu da kuma gida, domin kowace fita da kowace dawowa tana dagula tsarin yara. Tun farkon shekara a cire ranakun da ba a tafiya, salla ƙarama da babba, da makon komawa makaranta, da watan da ake sa ran haihuwa. Ka faɗi ranar dawowa, idan ta canza ka sanar da wuri. A sa lokacin waya tsayayye, a kuma lura da bambancin agogo, Najeriya tana gaban Ghana da awa ɗaya, Dubai da huɗu, Sin da takwas, don haka bayan magariba a Akra tsakar dare ce a Guangzhou. Kada wayar ta zama zaman kotu inda ake karanto maka laifin yara kana yanke hukunci, domin yaro zai koyi tsoron ƙarar waya. Hukuncin da uwa ta yanke ba ka nan, kada ka rushe shi a gaban yara idan ka dawo, ko da kana da ja, ku yi maganar a ɗaki. Ranar da ka dawo kuma ka ba gida, shago ya jira gobe. Ga masu bin mazhabar Malikiyya, niyyar zaman kwana huɗu tana yanke kasaru, haka ma shiga garin da kake da matar da ta tare, don haka mai gida biyu ya tambayi malaminsa yadda zai yi da sallarsa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ɗan kasuwa yakan fara ganin haka ne a shagonsa. Wakilin da za ka bar wa harka a Kano, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, a rubuta iyakar ikonsa, nawa zai iya bayarwa bashi, wa zai iya sa hannu a banki, yaushe ake ƙirga kaya. A ware wa iyaye abin da za su riƙa samu a rana tsayayya. Kuɗin ganin gida na uwargida, aƙalla sau ɗaya a shekara, a sa shi cikin kasafi kamar kuɗin haya, tare da wani abu a gefe don ta'aziyyar da ba ta sallama. Idan ciki ya zo, a yanke shawara da wuri ko za ta koma gida wanka ko za a ɗauko mata wata dattijuwa. Haihuwa a Ghana kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasar, sai idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, saboda haka a yi masa rajistar haihuwa a can, sannan a nema masa fasfo a ofishin jakadancin Najeriya da ke Akra.

Matafiyi ya bar jaka guda a gida wadda uwargida ta san inda take, a cikinta akwai fasfon kowa, da kwafin naka, da takardun izinin zama da ranakun ƙarewarsu, da yarjejeniyar haya, da jerin waɗanda kake bi bashi da waɗanda suke bin ka, da wasiyya mai shaidu. A ɗauki hoton takardun a aika wa wani amintacce a Kano. Gidanka na Najeriya kuwa kada ka sayar da shi a shekarar farko. Idan haya kake yi, ka riƙe ko ɗaki ɗaya ne, idan naka ne ka ba da hayar shekara guda kawai, har yara su gama zango uku a sabuwar makaranta, a kuma sabunta wa kowa izinin zama karo na farko.